Daga ɗakin albarushi zuwa kujerar kyaftin: hanyar sarkin igwa a sojan ruwan Ingila

Mu a Maraɗi ruwan da muka sani shi ne gulbi, wanda ke cika da damina ya koma rairayi da rani, sai tafkin Madarunfa. Teku kuwa sai wanda fatauci ya kai Kwatano ko Legas. To amma akwai tambayar da ake yi a kowace unguwa ranar da yaro ya tafi ɗaukar soja: wanda ya shiga a kurtu, yana iya zama hafsa? In yana iya, har ina zai kai? A Nijar ƙofofin daban suke tun daga farko, makarantar ƙananan hafsoshi tana Agadas, ta manyan hafsoshi tana Yamai. Babu rundunar da wannan tambaya ta fito fili a cikinta kamar sojan ruwan Ingila, tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma babu muƙamin da ta fi shafa kamar na mutumin da ke riƙe da igwa da albarushin jirgi.

Su Ingilishi suna ce masa gunner. Mu bari mu kira shi sarkin igwa, tunda a fada muna da Sarkin Bindiga, kuma aikin ya yi kama: shi ke ajiye makaman, shi ke gyara su, shi ke horar da masu harbi, amma ba shi ke cewa a tafi yaƙi ba. Matsayinsa yana tsakiya, kusan abin da sojanmu ke kira ajidan. Yana sama da duk ƙananan sojoji, yana ƙasa da laftanan ɗin da aka yaye jiya. Bambancin yana cikin takarda. Laftanan yana riƙe da takardar naɗi da ke ba shi ikon shugabantar mutane da jirgi da sunan sarki. Sarkin igwa yana riƙe da waranti, takardar da ke shaida cewa ya ƙware a sana'arsa an kuma damƙa masa kaya.

A zamanin jiragen katako masu tafiya da iska, mutum uku ne ba sa barin jirgi ko da an gama yaƙi an sallami kowa: sarkin igwa, da shugaban matuƙa mai kula da igiyoyi da anga, da kafinta. Kyaftin yana zuwa yana tafiya, su suna nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƴan bindigar sarki ranar hawan Salla ya ga yadda ake ɗura bindiga ta baki. Igwar wancan zamani haka take, sai dai girma. Babbarta a jirgi irin Victory, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805 da igwa 104, tana harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 14 da rabi, bututunta kaɗai ya kusa tan uku, kuma cikakken ɗurinta albarushi ne wajen kilo biyar. Da an harba, ba a zuba komai sai an zura soson fatar tunkiya jiƙaƙƙe har ƙuryar bututun, wani kuma ya danne ƴar kafar kunnawa da babban yatsa sanye da fata, don kada iska ta shiga ta hura garwashin da ya rage. Sannan a tura jakar albarushi, a bi ta da dunƙulen, a toshe da curin tsohuwar igiya don kada tangaɗin jirgi ya gangaro da shi, a danna da sanda, a ja igwar da igiyoyi har bakinta ya leƙa ta taga. Shugaban igwar ya huda jakar ta kafar nan da tsinken ƙarfe, ya sa abin kunnawa, kowa ya kauce daga baya, domin igwar za ta zabura da baya sai kakkaurar igiyar da aka ɗaure ta da ita ta tare ta. Inda ake samun matsala sananne ne. A tsallake soso saboda sauri, albarushi ya tashi sandar tana hannun mai ɗuri. Igiyar baya ta ruɓe ba a duba ba, tan uku na ƙarfe ya kuɓuce cikin mutane. Ko a ɗura sau biyu cikin hayaniya ba wanda ya lura harbin farko bai tashi ba. Abin da bincike ya ce ya faru ke nan a jirgin Thunderer a Janairun 1879, lokacin da igwa mai tan 38 ta fashe wajen atisaye ta kashe mutum 11.

Amma ainihin gidan sarkin igwa yana can ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, a taskar albarushi. Ba a shiga da ƙarfen da zai iya ba da tartsatsi. Kayan aikin ciki na jan ƙarfe ne ko katako, gammon gangunan ma ba na baƙin ƙarfe ba ne. Takalmi na ulu ake sawa. Fitila ba ta shiga. Tana wani ɗan ɗaki daban, haskenta ke ratsowa ta gilashi mai kauri. Lokacin faɗa ana rataye labule mai kauri jiƙaƙƙe a bakin hanya, ta ƴar kafa a jikinsa ake miƙa jaka ɗaya bayan ɗaya. Raɓa ita ce abokiyar gaba ta biyu bayan wuta, shi ya sa ake jujjuya gangunan lokaci-lokaci don kada garin ya dunƙule. Bayan wannan duka akwai littafi: kowane awo na albarushi da ya fita sai an rubuta ranar da dalilin, kuma in lissafinsa bai daidaita ba a ƙarshen tafiya ana riƙe albashinsa har sai ya warware. Ke nan dole ya iya karatu da lissafi a zamanin da yawancin matuƙa ba su iya rubuta sunansu ba.

Mutum mai wannan amana, me ya hana shi hawa?

A ƙarshen ƙarni na 19 matakala biyu ne a rundunar, kuma ba sa haɗuwa. Ɗan talaka yana shiga yana da shekara 15 ko 16 a jirgin horar da yara, ya sa hannu zai yi shekara 12 daga ranar da ya cika 18. Daga nan ya zama ƙaramin matuƙi, ya zama cikakke, ya samu igiya ɗaya, ya kai matsayin da ya yi daidai da saje. In ya zaɓi layin igwa sai ya yi ta komawa kwas a makarantar harbi da ake kira Excellent a Portsmouth, wadda aka kafa a 1830. Ya ci jarrabawar tuƙi, ya ci ta igwa, sannan a ba shi waranti, yawanci yana dab da shekara 30. Abin da ke gabansa bayan haka shi ne babban sarkin igwa, muƙamin da aka ƙirƙiro a 1865, kuma sai an daɗe ana jira.

Ɗan masu hali kuwa yana shiga makarantar hafsoshi yana da shekara 13, ya zama laftanan yana da kamar 22. Iyayensa ke biya. A farkon ƙarni na 20 kuɗin makarantar fam 75 ne a shekara, ban da tufafi da littattafai. Cikakken matuƙi a lokacin sule ɗaya da kwabo bakwai yake samu a yini, wato bai kai fam 29 ba a shekara. Ko da bai ci ko loma ba, sai ya tara albashin fiye da shekara biyu da rabi kafin ya biya wa ɗansa shekara guda. Babu dokar da ta ce ɗan talaka ba zai zama hafsa ba, kuɗin ya wadatar.

A nan a lura da wani abu da ke rikita wanda ya saba da sojan ƙasa: laftanan na ruwa daidai yake da kyaftin na ƙasa, kyaftin na ruwa kuma daidai yake da kanar.

Matuƙan suna da maganarsu kan wanda ya tsallake daga wannan matakala zuwa waccan. Cewa suke ya shigo ta kafar anga, wato ramin da ke goshin jirgi inda sarƙar anga ke bi. Ƙananan sojoji a goshin jirgi suke kwana, hafsoshi a baya. Bayan 1818 aka yi kusan shekara 70 ba wanda ya bi ta wannan kafa. Sai a 1887, shekarar bikin cikar Sarauniya Victoria 50 a kan gado, aka ɗaga mutum biyu zuwa laftanan saboda abin da suka yi a yaƙin Masar da Sudan, ɗayansu sarkin igwa.

Thomas Lyne, wanda aka haifa a 1870, ya shiga yana yaro a jirgin horo mai suna Impregnable a Devonport. Ya bi matakalar talakawa ɗaya bayan ɗaya har ya samu warantin sarkin igwa a 1898. Lokacin yaƙin Ingila da Buwa, wato Turawa ƴan asalin Holan da ke zaune a Afirka ta Kudu, aka ba shi ƙaramin jirgi mai lamba 60, irin masu harba tofido, wato makamin da ke bi ta cikin ruwa ya fasa jirgi, yana sintiri a gaɓa. Irin waɗannan ƙananan jiragen ana ba masu waranti su, tunda laftanoni sun fi son manya inda idon admiral, wato janar na ruwa, yake. Ana cikin haka sandar da ke juya farfelar jirgin ta karye a teku. Jirgi mai injin tururi da farfela ɗaya, in sandar nan ta karye, ya zama gora: ba gaba ba baya, sitiyarin ma ba ya aiki tunda sai ruwa na gudu a jikinsa yake juya jirgi, kuma igiyar ruwa tana juyo da shi ta gefe inda ya fi saurin kifewa. Lyne ya haɗa filafilai da abin da ke cikin jirgin, ya kama iska, ya kai jirgi da mutanensa inda za a sa anga. Horon yarantar da aka yi masa a kan igiya da zanen iska, wanda mutane da yawa ke gani ya zama tsohon yayi, shi ya fisshe shi. A 1902 aka ba shi laftanan.

Daga nan aikinsa ya bi ta wuraren da masu uwa a gindin murhu ba sa rububi, ciki har da jiragen sintiri na kogin Yangtze a ƙasar Sin, inda ake fama da ruwa mai canja hanya da tudun rairayi da ba ya zama wuri ɗaya. Ya kai kyaftin a 1918. Daga baya aka ba shi shugabancin Impregnable, makarantar da ya shiga yana yaro. Ya yi ritaya a 1925, aka ba shi riya admiral, matakin farko na admiral, yana gida, ya rasu a 1955.

Wannan “yana gida” shi ne wurin da ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin nan ne katangar gaskiya take. Lyne ya zama laftanan yana da shekara 31 ko 32, sa'anninsa na makarantar hafsoshi sun riga shi da shekara goma. Ya zama kyaftin yana da wajen 48. Daga kyaftin zuwa admiral a wancan tsari bi-da-bi ne: sunanka yana jerin kyaftin-kyaftin, kana matsawa sama duk lokacin da na gabanka ya hau ko ya fita, kuma jiran yakan ɗauki shekara goma ko fiye. Kyaftin kuma ana sallamarsa a shekara 55. Wanda ya shiga jerin yana da 40 zai iso kai da sauran lokaci. Wanda ya shiga yana da 48, ko shi ne gwanin gwanaye, ritaya za ta riga layinsa zuwa. Shekara goman da ya yi yana koyon abin da ya sa aka ɗaga shi, su ne kuma suka tsayar da shi.

Akwai kuma aljihu. Hafsa shi ke sayen kakinsa da takobinsa, yana biyan kuɗin teburin hafsoshi kowane wata, ana sa ran zai karɓi baƙi. Matashin laftanan gwauro ne, sau da yawa gida na taimaka masa. Sarkin igwa mai shekara 35 yana da mata da ƴaƴa a Portsmouth ko Chatham, kuma babu mai aiko masa da ko kwabo. Ga zaman teburin kansa, cikin mutanen da lafazinsu da wasanninsu da makarantunsu duk daban.

Wanda zai so ya ga abin da rundunar ke asara da wannan katanga, ya dubi Alexander Grant, babban sarkin igwa na jirgin Lion, jirgin da Admiral Beatty, kwamandan rukunin jiragen, ke ciki a Yaƙin Duniya na Farko.

Kafin lokacinsa albarushin gargajiya ya ba da wuri ga wani sinadari mai suna kodayit, mai kama da dogayen tsinken taliya. Ya fi ƙarfi, hayaƙinsa kaɗan, amma yana lalacewa da tsufa da zafi, in ya lalace kuma yana iya tashi da kansa. Shi ya sa kowane rukuni ke da lambarsa da ranar da aka yi shi, ana auna zafin taska kullum ana rubutawa. Faransa ta rasa manyan jirage biyu a tashar Toulon ta wannan hanya da irin nata sinadarin, Iéna a 1907 da Liberté a 1911. Ingila ta rasa Bulwark a Nuwamban 1914, yana tsaye a tasha, da mutum fiye da 700. Wanda ya san zafin Afrilu a Maraɗi, ya kuma ga jarkokin fetur a cikin shagon kwano, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Lion yana da igwa takwas masu faɗin baki milimita 343, biyu-biyu a ɗakunan ƙarfe huɗu masu juyawa. Harsashi ɗaya kilo 567. Abin da ke tura shi kilo 133 na kodayit, an raba shi jaka huɗu na siliki, kowace wajen kilo 33, kuma a gindin jakar akwai ɗan ƙunshin baƙin albarushi don saurin kamawa, an rufe shi da marfi. Daga taska a ƙasa zuwa igwa a sama tafiya ce kamar ta guga a rijiya: a fito da jaka daga gwangwaninta a taska, a miƙa ta ɗakin ɗauka, a sa a guga ta hau zuwa wani ɗaki na tsakiya, a sauya ta zuwa wata gugar da ke kai ta bakin igwa. An raba hanyar da ƙofofi da gangan, don in wuta ta kama a sama ta tarar da hanya a yanke.

Abin da ya ɓata tsarin shi ne son sauri. Jiragen Beatty sun ɗauka yawan harbi a minti shi ne nasara, sai ma'aikata suka shiga tara jakunkuna tsirara a ɗakin ɗauka tun kafin faɗa, suna cire marafan gindi da wuri, suna barin ƙofofin taska a buɗe. Kowace jaka da aka ajiye a hanya ta zama gadar wuta. Jamusawa sun ɗanɗana wannan a Janairun 1915 a faɗan Dogger Bank, inda wuta ta cinye ɗakunan igwa biyu na jirginsu Seydlitz, suka gyara halinsu. Ingilishi ba su ɗauki darasin ba.

Grant ya zo Lion a 1915. Ya tarar da kodayit ɗin a cakuɗe, rukuni-rukuni ba a ware ba, ya samu goyon bayan kyaftin ɗin jirgin, Chatfield, aka sauya shi. Sannan ya kafa ƙa'ida: ƙofar taska ɗaya kaɗai ke buɗe a lokaci guda, sauran a kulle, abin da ke ɗakin ɗauka kada ya wuce na harbi ɗaya, marfin gindi yana nan sai jaka za ta shiga guga. Masu ƙorafin cewa hakan zai rage sauri, ya horar da mutanensa har suka nuna guga ba ta jira.

Ranar 31 ga Mayu 1916, a faɗan Jutland, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, harsashin jirgin Jamus Lützow ya fasa ɗakin igwa na tsakiyar Lion ya ɗage wani sashen rufinsa. Manjo Francis Harvey, wanda ke shugabantar ɗakin, yana cikin ciwon ajali ya ba da umarni a rufe ƙofofin taska a cika ta da ruwa. Wajen rabin awa bayan haka, wutar da ke cin ƙasa-ƙasa ta kama jakunkunan da ke kan hanya. Harshen wuta ya tashi har tsayin sandar jirgi, ya kashe kusan duk wanda ke ƙasa, bangon taskar ya lotsa ciki, amma bai fashe ba. A yinin nan jirage uku irin Lion suka tarwatse: Indefatigable ya tafi da mutum fiye da 1,000 aka tsira da biyu, Queen Mary da fiye da 1,200, Invincible da fiye da 1,000 aka tsira da shida. Harvey ya samu lambar yabo mafi girma bayan ransa, kuma ya cancanta. Sai dai a ganinmu ruwan da ya sa aka zuba ba zai yi amfani ba da a ce ɗakin ɗauka cike yake da jakunkuna tsirara, ƙofofi huɗu a wangale. An ɗaga Grant zuwa laftanan bayan faɗan, yana da shekara arba'in da ɗoriya, kuma ya ƙare aikinsa da muƙamin kyaftin.

Gyaran tsarin ya zo a gutsure. A 1903 aka ba wasu masu waranti laftanan, amma yawancinsu dattawa ne da ritaya ke hararowa, don haka abin ya fi kama da tukuici. A 1912 Winston Churchill, yana ministan sojan ruwa, ya buɗe hanyar da za a zaƙulo matasa daga ƙasa a horar da su, sai dai an laƙaba musu wani suna daban da na takwarorinsu, wanda ke tona asalinsu a duk inda suka shiga, kuma ba a cire shi ba sai a 1931. Ta wannan hanya Benjamin Martin ya bi. Shi ne kyaftin na Dorsetshire, jirgin da ya harba tofido na ƙarshe kan babban jirgin yaƙin Jamus Bismarck ranar 27 ga Mayu 1941, kuma a 1944 ya zama riya admiral yana bakin aiki, abin da lissafin shekaru ya hana Lyne.

A 1949 aka soke tsohon sunan waranti, aka shigar da sarakunan igwa teburin hafsoshi, a 1957 kuma aka mayar da su wani jeri na musamman mai muƙaman laftanan. Lokacin makamai masu linzami sun fara karɓe aikin manyan igwa, kuma Vanguard, babban jirgin igwa na ƙarshe da Ingila ta mallaka, a 1960 aka ja shi zuwa wurin masu yankan ƙarfe.